Itacen da Inna Ta Tara a Bayan Ɗakina

Ni mai sayar da ƙanƙara ce. Kowa a unguwarmu ta Dakoro ya san gidan da firigo biyu ke gurnani a zaure, in dai wuta ba ta yi halinta ba. Ƙanƙara, zoɓo, lemun tsamiya, duk a ƙulle cikin leda. Ranar kasuwa, makiyayan da suka gangaro daga wajen Tagriss da shanu da raƙuma su ke share mini galasiyar, akwatin sanyin da nake kai kayan a ciki, tun kafin azahar. To wai ni da ke sayar wa gari sanyi, ni ce aka wayi gari zafi na nema ya dafa ni da raina.

Asalin zancen sankarar nono ce. Shekarun baya an cire mini na hagu a Yamai, na sha shimiyo, ruwan nan da ake ɗura wa mutum ta jijiya, gashi ya zube ya sake tsirowa, muka yi sadaka muka ce an rabu. Ina da shekara arba'in da ƴan kai sai baya ya fara yi mini ciwo. Na ɗora laifin a kan galasiyar, na ɗora a kan katifa, har maigidan na ɗora wa, tunda shi ya sayo katifar. Da aka yi radiyo, hoton ƙashi, a Maradi aka sake tura ni Yamai. Can lokotoro, wato likita, ya zaunar da mu, ni da maigidan, ya ce ciwon ne ya dawo, kuma wannan karon a ƙashi ya sauka.

"Hajiya, ba zan ruɗe ki ba," in ji shi. "Wanda ya kai nan ba a fitar da shi, amma ana riƙe shi. Irin naki akwai abin da yake ci, ormon, kuma jikinki na mace ne ke dafa mashi. Mu za mu hana a dafa."

Na ce, "Wato horon yunwa za a yi mashi."

Ya ce haka ne. Ƙwaya ɗaya kullum, allura ɗaya a fatar ciki duk wata. Al'ada za ta ɗauke, zafi zai riƙa taso mini, gaɓoɓi za su yi tsami, wataƙila in ƙara jiki. Na ce gashi fa, ya ce gashi na nan. Na tambaye shi har yaushe maganin zai riƙe, ya ce wannan kam bai sani ba. Wasu yakan riƙe su shekaru, wasu ya gaji da wuri, in ya gaji a nemi wani. Maigidan na gefe yana ta murza hula. Ni kuwa da na ji ba zubar gashi, ba kwanciya asibiti, sai na ji kamar rangwame aka yi mini. Kukan sai da muka shiga kar, babbar motar fasinja, muka yi nisa sannan ya zo, na yi abina cikin mayafi na share.

Zafin nan ba irin na bazara ba ne da ake sha tare da kowa. Naki ne ke kaɗai. Ina zaune ina ƙulla zoɓo sai in ji ya taso daga ƙirji, ya hau wuya, ya cika kunnuwa, kafin in ankara zufa ta jiƙa kallabi. Sai in buɗe firigo in cusa kai. Masu saye har suka saba, in sun yi sallama suka ga rabin mace a waje rabi a firigo, sai su jira. Wani Buzu da ke saye a wurina duk kasuwa ya taɓa tsayawa yana kallona ta saman rawani, can ya tambaya ko wani abu ne ya faɗa ciki. Na ce mashi ni ce na faɗa.

Da safe yatsu ba su lanƙwasuwa, ƙulla leda ma ya zama aiki. Gwiwoyi kuwa in zan tashi daga sujada sai sun yi ƙara, in dafa ƙasa, in dafa bango. Ga faɗa. Da ma can ni ba mai sanyin baki ba ce, amma maganin nan ya ƙara wa abin yaji. Akwai ranar da na bi kaza da tsintsiya don kawai ta tsaya tana kallona. Maigidan dillali ne a kasuwar dabbobi, mutumin da zai shiga tsakanin makiyayi da mahauci ya raba su suna dariya, amma ni ya kasa dillancina. Abin da ya koya shi ne, da ya ga na jawo faifai na fara fifita, sai ya tuna yana da magana da wani a ƙofar gida. Jiki kuma ya zo kamar yadda aka ce, kumatu suka ciko, zane ya fara ƙin haɗuwa.

A gida mu uku muka san gaskiya: ni, maigidan, da ɗiyarmu guda ɗaya da ke karatu a Maradi. Wadda na rantse ba za ta ji ba ita ce Inna.

Inna mahaifiyata ce, tana zaune a wani ƙauye kusa da Bader Goula. Ni ce ƴar farinta, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada: tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yi mini magana kai tsaye in dai da wata hanya. In tana so in ci abinci, bango take duba ta ce, "Tuwo dai na hucewa." Ƙannena maza biyu ta rasa, ɗaya yana yaro, ɗaya da gemunshi. Lokacin da aka yi mini aiki a Yamai ta daina cin abinci sai ɗan ruwan fura, da na dawo na tarar ta fi ni kama da majinyaci, zane na zagaya ta sau biyu. A zuwan nan ne na ji ta bayan salla tana roƙon Allah abu ɗaya, kada a sake zuwa yi mata gaisuwar ɗa. Shi ya sa da ciwon ya dawo na ce wa maigidan ko da wasa kada zancen ya kai kunnenta. Tsorona shi ne labarin ya kashe ta kafin ciwon ya kai ga ni.

Allurar wata-watan nan ba ta son zafi, mu kuwa a Dakoro ba abin da muka fi shi yawa. Firigona ba abin dogaro ba ne, wuta na iya tafiya ta manta hanyar dawowa. Firigon da ba ya mutuwa a kusa da mu shi ne na matanite, asibitin haihuwa, mai aiki da hasken rana. Sai safam, ungozomar asibitin, ta yi mini alheri ta ce in riƙa ajiyewa can, ita za ta riƙa yi mini allurar. To daga nan aka samo ta. Duk wata ana ganina ina shiga ƙofar da masu awon ciki ke shiga, in fito ina dafe da mara. Ga kumatu, ga zufa, ga faɗa. Azumi ya zo, lokotoro ya hana ni yi, amma salla ko ɗaya ban sha ba, kullum ina sahun mata a tarawi.

Maƙwabciyata mai tuyar ƙosai ita ta haɗa zancen. Mace ba ta azumi, amma tana salla wata cur, tana kuma zarya matanite, mi ya rage? Bakin matar nan kuwa ya fi rediyo nisan zango. Kuma kun san mu, ciki ba a faɗinshi. Ba wadda za ta tare ki ta ce ciki gare ki, balle ki samu ki ce a'a. Sai dai na ga an fara karɓe mini galasiyar in na ɗauka, ana tashi a ba ni kujera a gidan biki, ana turo mini ƙosai da yaji mai yawa ba tare da na aika ba. Na zaci labarin ciwon ne ya fita, har na fara jin haushi. Sai ranar da mai ƙosai ta dube ni sama da ƙasa, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, bayan ɗiya ta isa aure. To, Allah dai ya sauke lafiya." Nan na gane. Na shiga ɗaki na yi dariya har sai da bayan ya amsa.

Da na ba maigidan labari sai na ga bai yi mamaki ba. Ashe shi tuni abokan dillanci suka fara tsokanarshi wai ashe da sauran ƙarfinshi, shi kuwa yana shafa furfura yana cewa a bar zancen.

"Kuma ba ka ƙaryata ba, Malam?"

"Ke kika ce kada in faɗi komai," in ji shi. "Ban kuwa faɗi komai ba."

A satin nan ya sayi sabuwar hula.

Inna ta saba in an gama girbi ta zo da ɗan gero da wake, ta kwana biyu ta koma. A shekarar sai ga ta cikin amalanken jaki, da geron, da tabarmarta, da ƙullin kanwa, da ɗan rago uda, gaba baƙi baya fari. Masu zuwa cin kasuwa sun riga sun kai labari ƙauye. Ta ɗaure ragon a gindin bedin da ke tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma. Ragon suna ne, kowa ya gani, ba wanda ya furta.

Daga ranar bango ya huta, rago ya karɓi aiki. Ina wucewa sai in ji tana ba shi harawa tana cewa, "Wasu mutane dai ba su jin magana. Su duƙa, su ɗauki kaya, su yi ta cusa kai cikin sanyi, kamar jikin nasu ne su kaɗai." Rago ya ci gaba da tauna, ni kuma in cire kai daga firigo.

Sai kuma itace. A wurinmu in mace ta haihu kwana arba'in ake yi ana dafa mata ruwa safe da yamma, a tsoma ganye a yi mata wankan jego, kuma itacen tun kafin haihuwa ake tara shi. Wancan na haihuwar ɗiyata ban samu Inna ta yi mini ba, lokacin ƙanena na kwance, sai dangin maigidan suka yi. Ashe abin na ranta duk shekarun nan. Itace a Dakoro ba abin wasa ba ne, sai an yi nisa ake samun busasshe. Tsohuwar nan da sassafe za ta fita bayan gari, hantsi ya yi ta dawo da ɗan dami a ka. Ta tare masu amalanke ta yi ciniki da su har su gaji su bar mata. Ta aika ƙauye a kawo mata guntayen ƙirya, don ita ce ke riƙe wuta. Ta jera su a bayan ɗakina, manya a ƙasa, sirara a sama, tsaf kamar za a zo dubawa. Ranar da gaz ya ƙare mini na zari sanda ɗaya zan hura wuta, rago ya sha labari har la'asar.

Da fari ni da maigidan dariya muke yi a ɓoye. Daga baya dariyar ta daina zuwa. Abin da ya tsaya mini shi ne ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki irin wannan ba. Tana cin tuwo har ta nemi ƙari. Wuyanta ya ciko. In tana tsince wake sai in ji tana ƴar waƙa ƙasa-ƙasa, ita da ban san tana da murya ba. Kullum tulin itacen na ƙara tsawo, ni kuma kullum in na zagaya bayan ɗaki sai gabana ya faɗi. Ɗiyata ta kira a salula ta ce, "Mama, ki faɗa mata mana." Na ce gobe. Goben nan ta yi ta haihuwar wasu goben.

Watanni suka cika, suka gota. Mai ƙosai ta fara kallon zanena tana motsa yatsu. Na ce madalla, yanzu zancen zai mutu da kanshi ba sai na sa hannu ba. Na manta da halin mutanenmu. Wata safiya na ji Inna na gaya wa rago cewa ciki yakan kwanta. Ta san wata a ƙauyensu da nata ya kwanta har damina biyu, daga baya ya tashi, yaron ga shi can yanzu da amalanken kanshi. Washegari ta tafi ƙauye, ta dawo da ƙullin saiwoyi daga wurin tsohuwar ungozomar da ta yanke mini cibiya.

Lokotoro kuwa ya riga ya ja mini kunne a kan jiƙe-jiƙe. Ya ce kada in sha saiwa ko sassaƙen da bai sani ba, don ba wanda ya san yadda za su yi da ƙwayar a cikin hanta.

Da hantsi ne, maigidan ya tafi kasuwa. Inna ta dafa saiwoyin, ta tace a ƙwarya, ta ajiye a gabana, ta juya wajen rago.

"A shanye shi duka tun da ɗuminshi," ta ce. "Shi ka tada wanda ya kwanta."

Na yi niyyar in ta ba da baya in tuttular a bayan randa. Ba ta ba da bayan ba. Ta zauna tana sosa wa rago wuya, tana kallon ƙwaryar ta wutsiyar ido. Daidai nan zafin ya taso mini, ya hau wuya, ya cika kunnuwa. Na fizge kallabi na yar. Ban sani ba ko zafin ne ko gajiya da ɓoyo, sai dai na ji bakina ya buɗe.

"Inna, ba ciki gare ni ba."

"Haka masu kwantacce ka cewa," ta gaya wa rago.

"Inna, ki dube ni. Ciwon nan ne ya dawo. Yana cikin ƙashin bayana. Allurar da nake zuwa matanite ta ciwon ce, ita ta ɗauke mini al'ada, ita ta sa ni ƙiba. Ba ya warkewa, riƙe shi ake yi."

Hannunta ya tsaya a wuyan ragon. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"Kowa ya sani ke nan, sai ni."

"Malam ne kawai da jikarki."

Ta tashi, ta ɗauki ƙwaryar, ta zubar a gindin bedi, ta ɗauraye ta kife. Daga nan ta zagaya bayan ɗaki. Ina jin ƙarar itace, ana ɗagawa ana ajiyewa, na ce shi ke nan, rushe shi take yi. Ban iya zuwa na duba ba. Yinin nan ba ta sa komai a bakinta ba. Da magariba na kai mata tuwo na ajiye, na rasa ta inda zan fara, sai na dubi bango na ce, "Tuwo dai na hucewa." Ko motsi ba ta yi ba. Na ji tsoro ƙwarai, na ce abin da nake gudu ne ya fara, kuma da bakina na jawo shi.

Da safe ƙaurin hayaƙi ya tashe ni. Na leƙo na ga rabin tano, wato ganga, a kan duwatsu uku, ƙirya na ci a ƙarƙashi, ganyen sabara na juyawa cikin ruwa. Itacen na nan a jere, ashe gyara shi ta yi, ta fito da na fara ƙonawa sama. Ina tsaye a ƙofar ɗaki na ji an kira sunana, cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Na waiga ina neman baƙuwar da ta shigo. Ba kowa a gidan sai Inna, tana tsaye da ƙwarya a hannu, tana kallona cikin ido.

"Taso, ruwa ya yi."

"Wankan mi, Inna? Ai ba haihuwa na yi ba."

"Na ga yadda kike tashi daga sujada," ta ce. "Itace kuma an riga an tara, ba a maida shi daji."

Na ce mata macen da ke kwana da wuta a ƙirji ba ruwan zafi take nema ba, kashe ni za ta yi. Ta ce in wuce. Na wuce, don wanda ya ji sunanshi a bakin Inna bayan shekara arba'in ba shi da sauran gardama. A makewayi na kwance zane, ranar ta fara ganin tabon aikin. Ta ɗora tafin hannunta a wurin, ta daɗe. "Nan suka yanka," ta ce. Ta tsoma ganye.

Wankan farkon nan na sha wuya, na fito kamar dafaffen dankali, na zarce firigo kai tsaye. Amma da na zo ƙulla leda sai na ga yatsu sun lanƙwasu. Ina cikin mamaki na ji Inna daga tsakar gida tana cewa a ɗumamo tuwon jiya. Ta ci, ta suɗe hannu, ta gaya wa rago mai dafa ruwa safe da yamma ba ya zama da yunwa. Ni kuwa na koma zaure na sa kai a firigo, wannan karon ba don zafi ba, don kada ta ga ina kuka.

Na je na gaya wa safam, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kafa sharuɗɗa. Ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Kada a fyaɗa mini ganye a baya, ƙashin ba ya son duka. Hannun hagu, ɓangaren da aka yi aiki, kada ya shiga zafi. Kunun kanwa kuma ko cokali ɗaya. Inna ta kai ƙara wurin rago, wai wankan da ba ya ƙuna shi ma wanka ne, wai yaran asibiti sun lalata komai. Amma ta bi duka. Har gwiwar hannu take sawa ta gwada ruwan kafin ta kira ni. Kanwar nan rago ne ya lashe ta.

Mai ƙosai da ta ji gaskiya ta shigo da kukanta tun daga zaure. Na ce ta yi mini shiru, ban mutu ba, in kuma tausayi take ji to kada ta yanke ƙosan. Ba ta yanke ba, yajin ma ƙara shi ta yi. Maigidan ya sha tsiya wurin abokan dillanci na ɗan lokaci, daga baya suka koma tambayarshi ya mai jiki. Hular dai yana nan yana sa abinshi.

Kwana arba'in suka cika, na ce to Inna, an yi arba'in, sai a sauke tano. Ta ce arba'in ta masu haihuwa ce. Ba ta sauke ba, ba ta kuma koma ƙauye ba. In bazara ta yi tsanani takan bar na yamma, na safe kam ba fashi, sai in na tafi Yamai randebu, ganin lokotoro. Ba zan ce wankan magani ba ne, ciwon na nan inda yake, zafin ma bai fasa tasowa ba. Amma ina tashi daga sujada da dafa ɗaya yanzu. Sunan nawa kuwa ba ta sake kira ba, sau ɗayan nan ne, ta koma wa ragonta. Layya ta zo maigidan ya fara zagaya shi yana taɓa gadon bayanshi, Inna ta dube shi ta sunkuyar da kai, don suruki ne, ta ce wa bango in an yanka wannan da wa za a riƙa magana. Dole ya sayo wani. Ragon nan yanzu ya yi ƙaho, ya yi ƙiba, ya san asirin gidan nan fiye da kowa.

Zuwana Yamai na ƙarshe lokotoro ya duba hotuna ya ce ciwon na kwance, bai ƙaru ba, a ci gaba da ƙwaya da allura. Na gode wa Allah, na kuma san ba alkawari aka yi mini ba. Wata rana maganin zai gaji. Na sani, maigidan ya sani, Inna ma ta sani, don ban sake ɓoye mata komai ba; duk abin da aka faɗa a Yamai nakan zauna kusa da rago in maimaita.

Da na dawo daga tafiyar nan na zagaya bayan ɗaki na tarar tulin itacen ya wuce tsawona. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Inna na ta fama ita kaɗai tana jan tsohuwar zana za ta rufe shi kada ruwa ya taɓa. Na kama mata gefe ɗaya muka rufe, muka danne da duwatsu. Na dubi itacen nan, na dubi abin da muke ƙonawa a yini, na ga ko shekara mai zuwa ba za mu ci rabinshi ba.

"Inna, itacen nan ai ya yi yawa."

Ta karkaɗe hannu, ta koma gindin bedi, ta ɗebi harawa ta miƙa wa rago.

"Ka gaya ma wasu mutane," ta ce, "na baɗi ne, da baɗin baɗaɗa. Ni tarawa ba ta gajiyar da ni. Kada dai a bar ni da shi."

Na ce, "Na ji, Inna."

Na shiga zaure, na fasa ƙanƙara a kofi, na haɗiye ƙwayar ranar.